Kafin Ka Ɗora Sifana a Kan Motar Gado

Yarona, ka tambaye ni game da Peugeot 504 ɗin da aka jawo mana jiya, wadda mai ita ya gada daga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Ka ce ta yi shekaru a ajiye, ya sa mata sabon batir ta tashi, yana cikin tafiya da ita kamar minti 20 ta mutu masa a hanya, kuma kana son mu sauke kan injin domin kana zaton ta buga. Ban yarda mu sauke ba tukuna, kuma ina so ka san dalili.

Abu na farko shi ne ka koma wurin mai motar ka tambaye shi yadda ta mutu, domin rabin aikinmu yana cikin amsarsa. Injin da mai ya yanke masa yana yin gardama kafin ya tsaya: yana shaƙewa, yana fizga, ka taka totur ya ɗan farfaɗo, sannan ya sare. Wanda wuta ta yanke masa kuwa yana mutuwa farat ɗaya, kamar an murɗe makulli. Shi kuma wanda ya buga da gaske ba ya tafiya shiru, sai an ji ƙarar ƙarfe na dukan ƙarfe, ko an ga fitilar baƙin mai ta kama, ko allurar zafi ta hau. Idan mutumin ya ce bai ji komai ba kuma bai ga komai ba, to ka ajiye maganar bugawa a gefe.

Duk da haka kada ka yi mata kik sai ka zaro sandar auna baƙin mai. Ka murza man a tsakanin yatsunka a cikin haske: idan ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, mital, wato bakin ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, ya cinye, idan ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga. Daga nan ka cire giya, ka sa sifana a kan fulin kiranshaf ka juya da hannu zagaye biyu. Injin da ya juya sumul, kana jin yana turjewa kaɗan a duk lokacin da fistin ya matse iska, yana da sauran rai. Wanda ya ƙi motsi, kada ka tilasta shi da kik, domin ɓarnar da za ka ƙara ta fi wadda ka tarar.

Sai wuta, kuma nan ne nake so ka daɗe, domin a nan na fi zarginta. Wannan samfuri ya fara fitowa a Faransa a 1968, zamanin da kwamfuta ba ta yaɗu a mota ba, saboda haka hanyar wutarta gajera ce: daga batir zuwa makulli, zuwa kwail mai ƙara wa wutar ƙarfi, zuwa dilko mai rarraba ta, zuwa fulogi. Ka fara da auna batir, wanda ya kamata ya nuna kusan bolt 12.6 yana hutawa, kuma kada ya faɗi ƙasa da 10 sosai lokacin kik. Sannan ka zare babbar wayar da ta fito daga kwail, ka riƙe ta da abin da ba ya ɗaukar wuta, ka kusantar da bakinta ga jikin injin nesa da kafireta, wani ya yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi muke nema. Ja-ja mai rauni ko rashinsa gaba ɗaya yana nufin ka buɗe kan dilko.

Da ka buɗe, ka sa a sake kik kana kallon rota, ɗan hannun da ke juyawa a tsakiyarsa. Idan ba ta juyawa, matsalar ta koma ciki, wajen sarƙar taimin ko abin da ke juya dilkon, kuma a nan ne maganar kwance injin za ta taso. Idan tana juyawa, ka dubi kwantak, 'yan ƙarafa biyun da ke buɗewa suna rufewa don katse wuta. Ka buɗe bakinsa da ƙaramar sukudireba ka leƙa: a motar da ta daɗe a ajiye sau da yawa za ka tarar fuskokin biyu sun yi baƙi, ɗaya ta yi rami, ɗaya ta yi ɗan tsini. Tazararsa idan ya buɗe ya kamata ta zama milimita 0.4, amma ɗan robar da ke goguwa a jikin sandar dilko yana cinyewa idan maiƙonsa ya bushe, tazarar ta riƙa raguwa har ta rufe, wuta ta ɗauke ana cikin tafiya. Kwandansa (ɗan gwangwanin da ke haɗe da kwantak) da kwail kuma suna da hali guda mai ruɗar sabon makaniki: suna aiki lafiya da sanyi, su gaza idan sun ɗauki zafi. Minti 20 ɗin da mutumin ya ambata shi ya sa na tsaya a kansu. Idan ta tashi yau da safe kamar ba abin da ya faru, kada ka yi murna, ka bar ta tana aiki har ta yi zafi, kuma da ta mutu ka gwada tartsatsin nan take.

Idan wuta ta tabbata, ka koma ga mai. Ka cire matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta da injin a kashe, ka motsa totur da hannu. Ya kamata ka ga siririn mai ya tsarto. Idan babu, ka bi tiyo baya zuwa famfon mai, wanda a wannan injin kamshaf ke motsa shi, kuma fatar da ke cikinsa tana bushewa ta tsage da tsufa. Ka buɗe murfin tanki ka shinshina. Tsohon fetur yana canza wari, yana barin danƙo mai toshe jet, sannan tankin da ya zauna rabi babu mai yana yin tsatsa, girgizar hanya ta tayar da ita ta toshe filta. Idan ka ji tanki ya zuƙi iska lokacin da ka buɗe murfin, to hanyar numfashinsa ce ta toshe. Kuma ina gargaɗinka, kada ka taɓa zuba fetur a kafireta yayin da wani ke kik, domin na ga hannun da wutar ta lasa.

Sai wuta da mai sun wanke kansu za mu auna matsin silinda huɗun. Bambancinsu kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna lalacewar gasket ɗin kan injin. Guda ɗaya da ta faɗi, ka ɗiga mata baƙin mai cokali ɗaya ka sake aunawa, idan matsin ya hau ringi ne, idan bai hau ba bawul ne.

Game da kayan da za ka cire, ina so ka kula ƙwarai. Mutumin nan ba don ya rasa abin hawa ya kawo ta ba, hannun mahaifinsa yake gani a jikinta, kuma yawancin kayan asali sun fi waɗanda za mu samu yanzu inganci. Ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Ka sa alama a wayoyin fulogi kafin ka zare su, domin jerin wutarta 1-3-4-2 ne, kuma duk abin da ka cire ka goge shi ka sa a kwali ka miƙa masa. Je ka fara da baƙin mai da juyin hannu, ka kira ni idan ka buɗe dilkon, ina so mu dubi kwantak ɗin tare.