Amsa kan shekarun giranit ɗin tsibiri da nutsewar farantin ƙasa

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa dutsen giranit ɗaya ke ba da shekaru iri biyu, ɗaya daga ma'adinin zirkon, ɗaya daga ma'adinin bayotayit da ke cikinsa, kuma ko shekarun sun isa hujjar cewa wani farantin ƙasa (ɗaya daga manyan sassan ɓawon duniya masu motsi) ya taɓa nutsewa ƙarƙashin tsibirin.

Saɓanin ba kuskure ba ne. Zirkon yana kulle yuraniyom da darmar da yuraniyom ke rikiɗewa zuwa gare ta a hankali, tun dutsen na narke, a zafin da ya haura digiri 900 na Selshiyos, don haka lokacin daskarewa yake faɗa maka. Bayotayit kuwa ba ya riƙe iskar argon, wadda da ita ake ƙirga shekarunsa, sai zafi ya sauko wajen digiri 300, wato lokacin hucewa ke nan, ko wani ɗumi da ya sake ratsa dutsen daga baya.

In lokacin daskarewa kake nema, zirkon za ka bi. A fasa kilo 3 zuwa 5 daga cikin dutsen, ba ɓawon da ruwan teku ya cinye ba. A niƙa, a tankaɗe, a rairaye, a cire masu bin maganaɗisu, sannan a zuba a ruwa mai nauyi, zirkon ya kwanta ƙasa. Kafin a harba hasken leza don auna shekarun, dole a goge ƙwayar a ɗauki hoton cikinta. Nan ne aiki ya fi lalacewa: sau da yawa tsakiyar ƙwayar gado ce daga tsohon dutsen da ya narke, sabon zirkon ya yi mata riga. In ɗigon leza mai faɗin maikuron 30 (milimita 0.03) ya hau kan biyun, sai ka sami shekarun da babu abin da ya faru a cikinsu. Ƙwayar da ta yi yoyon darma kuma ƙuruciyar ƙarya take nunawa. Shi ya sa ake gwama agogo biyu, yuraniyom-238 mai rabin rai (lokacin da rabinsa ke ɗauka ya rikiɗe zuwa darma) shekara biliyan 4.47 da yuraniyom-235 mai miliyan 704. In ba su yi daidai ba, a sake dubawa.

Shekaru kaɗai ba sa tabbatar da nutsewa. Dubi tsibiran Seshel da ke tekun Indiya: giranit ɗin tsibirin Mahe ya kai kimanin shekara miliyan 750. An daɗe ana ɗaukarsa na tsagewar nahiya, daga baya wasu masana suka danganta shi da nutsewa a gefen tsohuwar nahiyar Rodiniya. Dutsen tsibirin Silhuwet da ke kusa kuwa miliyan 63 ne, zamanin rabuwa da Indiya. Ko a gida, sabon giranit na Jos da na Ayar a Nijar ba nutsewa ce ta haife su ba. Saboda haka ka sa a auna sinadaran dutsen, musamman ƙarancin ƙarafan niyobiyom da tantalom, wanda alama ce ta nutsewa, tare da shekarun.