RabbitMQ ya daina karɓar haɗi ranar biyan kuɗin makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wa wata makaranta a Ƙofar Ƙaura, Katsina, manhajar biyan kuɗi da .NET. A tsarin DI, wanda ke raba wa sassan manhaja abubuwan da suke buƙata, na sa haɗin RabbitMQ (manhajar da ke jera saƙonni tana isar da su) da AddScoped, kuma a kwamfutata komai lafiya lau. Ranar da aka dawo daga hutu iyaye suka yi ca, sai haɗi ya fara ƙin buɗuwa, rasit ya daina fita. Wani a guruf ya ce in ƙara RAM. Mai makarantar ya kira ni sau uku yau, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kada ka kashe ko sisi a RAM. Ciwon yana cikin AddScoped ɗin nan. Mayar da IConnection, wato haɗin da kansa, zuwa AddSingleton: haɗi ɗaya tak muddin manhajar tana aiki. Tashoshin da ke cikinsa, wato IModel, ko IChannel a siga ta 7 ta RabbitMQ.Client, su ne masu arha, amma kada zare biyu, wato threads, ayyukan da ke gudana lokaci guda, su yi tarayya a tasha ɗaya wajen tura saƙo.

Na san me za a ce maka, don kusan kullum sai na ji: wai intanet ɗinmu ba shi da tabbas, gara a buɗe sabon haɗi duk lokacin da za a tura saƙo. Wallahi maganar nan ta ishe ni. Wannan fa haƙa sabuwar rijiya ce duk sanda za ka yi alwala. Kowane haɗi sai an yi gaisuwar TCP ta ƙulla layi, a yi ta AMQP, yaren RabbitMQ, a duba suna da kalmar sirri, in akwai TLS mai ɓoye bayanai a ƙara da tata. AddScoped kuwa sabo yake ba kowace buƙatar da ta shigo. Ko an rufe shi, soket ɗin, wato bakin haɗin, yana zaman jira na TIME_WAIT na daƙiƙa 60 a Linux kafin a sake shi. Kai kaɗai a ɗakinka ba za ka ga komai ba. Sai iyaye sun taru su ɗari biyar. Masu ba da wannan fatawa bidiyon minti goma suka kalla a YouTube, ba su taɓa kwana suna gadin saba (server) ba. Katsewar da suke tsoro tuni an yi mata magani: AutomaticRecoveryEnabled yana sake ƙulla haɗin, yana gwadawa duk daƙiƙa 5, bugun zuciya kuma na daƙiƙa 60, wato heartbeat, ɗan saƙon duba ko ɗaya ɓangaren na nan, yana gano haɗin da ya mutu. Sai dai saƙon da ka tura lokacin katsewa ba a ajiye maka shi, don haka ka kunna tabbacin karɓa daga saba, saƙon da bai samu tabbacin ba ka sake tura shi. Kuɗin mutane ne.

Sauran ba wuya. Adireshin saba da lambar port ta 5672, ko 5671 in da TLS, su zauna a appsettings.json, ka jawo su da IOptions. Kalmar sirri kada ta shiga Git. Asusun guest da RabbitMQ ke zuwa da shi daga cikin na'urar da RabbitMQ ɗin ke kanta kawai yake aiki, duk wanda ya ce ka buɗe shi ga duniya ka toshe kunnenka.

Ka kuma sa ClientProvidedName, wato sunan da haɗinka zai fito da shi a RabbitMQ. Bayan gyaran ka buɗe shafin kulawa na RabbitMQ a port 15672, ka duba jerin haɗe-haɗe: sunan manhajarka sau ɗaya ya kamata ya fito.