Amsa kan rautocin da ke danne juna

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari tambayarka: rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) uku a gini ɗaya, sigina cike a waya amma intanet na rarrafe, ko ka ƙaro ta huɗu? A'a, don Allah kar ka ƙaro. Sigina bai yi maka kaɗan ba, rautocin ne ke danne juna.

Fara da tasha (channel), wato layin da kowace rauta ke watsawa a kai. A zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, tsakanin tasha da tasha 5 MHz ne kacal, alhali kowace rauta na cin faɗin 20 MHz. Shi ya sa uku ne kaɗai ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Ka ba kowace rauta ɗaya daga cikinsu, faɗin kuma ka kafe shi a 20, kar ka kuskura ka sa 40.

Abin da ke ba ni haushi, masu sa tasha 3 ko 8 wai sun guje wa cunkoso. Ina! Rauta biyu in suna tasha ɗaya ai suna jin juna, wannan ta saurara sai waccan ta gama, bi da bi. Da ɗan jinkiri, amma saƙo na isa. Wanda ya zauna a 3 kuwa ya shiga gonar 1, ya shiga gonar 6, ba mai gane maganarsa, hayaniya kawai suke ji. Saƙo ya lalace, a sake turawa, ya kuma lalacewa. Ya cuci kansa ya cuci maƙwabta. Kullum sai an maimaita wannan, kullum!

To, sai ƙarfin watsawa. Rage shi, kar ka bar shi a ƙure. Duk 3 dB (ma'aunin ƙarfin watsawa) da ka cire, rabin ƙarfi ke nan. Waya ba ta da muryar rauta: tana jiyo ta daga nesa, in ta amsa ba a jin ta sosai, ga shi ta liƙe wa ta nesa ta ƙi komawa ta kusa. Zagaya da manhajar auna sigina, in ka samu ƙarfin sigina kamar -67 dBm inda ake zama, ya wadatar.

Da na ce tasha uku, a 2.4 nake nufi fa. A 5 GHz akwai fili, tasha 36, 40, 44, 48, amma in ka sa faɗin 80 duk huɗun sun koma tasha ɗaya.

Au, na manta, kar a jera rautocin kan tebur guda. Ko tasha ta bambanta, in eriya na dab da eriya mai watsawa na kurumtar da mai saurare. Raba su da 'yan mitoci. In kan turke ɗaya ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa ya fi gefe da gefe. Gwada ka turo mana hoton abin da manhajar ta nuna.