Canon ko Nikon: Wacce Zan Saya?

Tambaya: Malam, da waya nake ɗaukar hoto, yanzu ina son kyamara don bukukuwan gida da hawan sallah. Canon ko Nikon? Kuɗina ba yawa. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kowacce tana fitar da hoto tangaran, kada gardamar masu hoto ta ruɗe ki. Inda gizo ke saƙar shi ne gilashin gaba, wato lens. Na Canon ba ya hawa Nikon, don haka gidan da kika shiga, nan kuɗinki za su riƙa tafiya. Duba wacce na kusa da ke suke riƙewa, saboda aro.

Ni dai Canon zan ce. Tun 1987 ta fara yin gilasanta da ake kira EF, na hannu sun cika kasuwa. Nemi kyamarar Canon 700D da gilashin 50mm f/1.8, yana haska fuskar amarya ko ɗaki ba haske sosai. Dawakai kuwa sai gilashin 55-250mm mai jawo abu daga nesa, kada ki kusanci kofato.

Kafin ki biya, ki sa a nuna miki adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, ki ɗauki farin bango ki duba ko ƙurar hunturu ta shiga ciki.