Tambayi Likita: An Ce Huhuna Ba Tabo, Amma Haki Ya Hana Ni Kwanciya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 34, kuma shekara shida ke nan da aka gano ina da cutar lufus. Wata uku da suka wuce na fara haki idan na hau matakala, yanzu kuwa ba na iya kwanciya rigingine sai na jera matashin kai uku. An duba zuciyata an ce lafiya lau take, hoton ƙirji ma bai nuna tabo a huhu ba, sai dai an ce huhun ya ƙanƙance. Ta yaya huhun da ba shi da ciwo zai hana mutum numfashi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah Ya ƙara sauƙi. Huhu ba ya shaƙar iska da kansa, tamkar zugazugi ne, sai an samu mai zuga shi. Babban mai wannan aikin shi ne wani faffaɗan tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki, wanda likitoci ke kira dayafaram. Idan ya tsuke ya yi ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari kuma su taimaka masa. To idan wannan tantanin ya yi rauni, ko ya kasa sauka yadda ya kamata, numfashi zai yi ƙaranci ko da huhun garau yake.

Lufus tana cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa zaruruwan da suka haɗe sassan jiki, kuma abin da kika bayyana ya yi kama da wani yanayi da ba a cika gani ba, wanda ake kira ƙanƙancewar huhu. Likitoci biyu, Hoffbrand da Beck, su ne suka bayyana shi a mujallar likitocin Birtaniya a 1965. A hoto ana ganin tantanin ya haye sama ya matse huhu, sau da yawa kuma maras lafiyar yana jin suka a gefen ƙirji idan ya ja dogon numfashi, sai ya koma yin gajeren numfashi don gudun zafin. Maganar kwanciyar da kika yi ita ta fi jan hankalina. Idan mutum yana tsaye, nauyin kayan ciki yana rinjaya ƙasa, amma da zarar ya miƙe rigingine sai su turo tantanin sama, kuma tantanin da ba shi da ƙarfi ba zai iya mayar da su ba.

Ba zan yanke miki hukunci daga wasiƙa ba, domin gudan jini a huhu da hawan jinin jijiyoyin huhu su ma suna kawo haki ga masu lufus, kuma dole a tabbatar ba su ba ne. Haka nan ’yan’uwan wannan cuta, irin su kumburin tsoka da cutar taurin fata, suna raunana numfashi ta tasu hanyar, kuma firednisolon kansa, wato maganin da ake ba masu lufus don kwantar da garkuwar jiki, idan aka daɗe ana shan mai yawa, yana sa tsoka ta yi laushi. Kada wannan ya sa ki daina shan sa da kanki, domin yanke shi farat ɗaya yana da haɗari.

Ki roƙi likitanki ya tura ki gwajin hura iska, a yi miki a zaune sannan a sake a kwance. Ga mai lafiya, iskar da yake iya fitarwa ba ta raguwa da fiye da kashi 10 cikin ɗari idan ya kwanta, amma idan ta faɗi da kashi 30 ko fiye, alama ce mai ƙarfi ta raunin tantanin. Akwai kuma gwajin da za ki zuƙi iska da iyakar ƙarfinki ta wani bututu don a auna ƙarfin tsokar, da hoton altirasawun da ke nuna motsin tantanin ƙarara. Abin yana damuna ƙwarai ganin yadda ake sallamar mata irinki da cewa damuwa ce kawai, alhali waɗannan gwaje-gwajen ba su da wahala.

Yawancin masu wannan yanayin suna samun sauƙi idan aka daidaita magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, a haɗa da atisayen numfashi a hannun ƙwararre. Kafin nan, ki guji maganin barci, ki kuma lura da safiyarki: ciwon kai da zarar kin farka da yawan gyangyaɗi da rana suna nuna cewa gurɓatacciyar iska tana taruwa a jini cikin dare, kuma akwai na'urar da ake sawa a fuska ta taimaka wa numfashi lokacin barci. Idan kuwa hakin ya kai ba ki iya ƙarasa magana ba tare da tsayawa ba, ko leɓunanki suka canja launi, a kai ki sashen gaggawa nan take, kada a jira ranar ganin likita.