Mu sayi babbar saba ko mu gyara fihirisa?

Tambaya: Ni ke kula da manhajar wani kantin sayar da magunguna a Kano, kuma rumbun bayananmu PostgreSQL ne. Teburin ciniki ya haura layi miliyan biyu, shafin da ke nuna sayayyar kwastoma ya koma jan ƙafa. Maigidana ya ce mu kama hayar saba mafi girma. Wani abokina kuma ya ce in ƙara ginshiƙai a fihirisa da INCLUDE. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, ka ba maigidanka haƙuri ya riƙe kuɗinsa tukuna. Hayar saba da dala ake biyanta wata-wata, shawarar abokinka kuwa layi ɗaya ce, idan ba ta yi ba ka goge ta.

Fihirisa tana riƙe da ginshiƙan da ake nema da su, tare da adireshin inda kowane layi yake a tebur. Idan ka nemi cinikin kwastoma ɗaya, rumbun zai samo adiresoshin nan take, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin teburin don ɗauko kuɗin kowane ciniki. Wannan kai-komon ne ke cin lokaci, musamman ga kwastoman da cinikinsa ya warwatsu tsawon shekaru. Kamar yaron kanti ne da littafinsa ya nuna masa kantar da magani yake, amma sai ya je can ya dubo farashi. INCLUDE rubuta farashin ne a cikin littafin.

CREATE INDEX CONCURRENTLY ON ciniki (lambar_kwastoma, rana) INCLUDE (kudi);

Lambar kwastoma da rana su ne makullai, da su ake nema da jerawa. Kuɗin kuwa ɗan rakiya ne, yana zaune a ganyen fihirisar kawai, wato matakinta na ƙasa inda adiresoshin suke. Kada ka manta da CONCURRENTLY, in ba haka ba teburin zai ƙi karɓar sabon ciniki har a gama ginin, layin mutane kuma ya kai bakin titi. Sai ka tabbata kuna kan PostgreSQL 11 ko sama, domin a wannan fitowar ta 2018 aka kawo wannan dama. Masu SQL Server suna da ita tun bugun 2005.

Kafin ka taɓa komai, sa EXPLAIN ANALYZE, mai nuna hanyar da rumbun ya bi da lokacin da ya ci, a gaban tambayar SQL mai nauyi ka ajiye sakamakon, ka maimaita bayan gyara. Abin da kake son gani shi ne Index Only Scan, wato daga fihirisa ake karanto amsar. Duba ƙasansa inda aka rubuta Heap Fetches: idan adadin na da yawa, har yanzu rumbun yana leƙa teburin, saboda fihirisar PostgreSQL ba ta san ko layi yana nan da ransa ko an goge shi ba, sai ta dogara da taswirar da VACUUM, umarnin share tebur, ke sabuntawa. Nan ne mutane da yawa ke karaya su ce dabarar ƙarya ce, alhali shara ce ba a yi wa teburin ba.

Inda nake jan kunne shi ne kwaɗayi. Na sha ganin fihirisar da aka cusa wa ginshiƙi goma don “ko za a buƙata”, ta zama tebur na biyu. Kowane sabon ciniki sai an rubuta shi can ma, kuma duk ginshiƙin da ka saka, canza shi zai tilasta a taɓa fihirisoshin teburin. Ginshiƙin da ke sauyawa kullum, irin ragowar kaya a sito, ka bar shi waje. Dogon rubutu ma haka: layin fihirisa ba ya wuce kusan sulusin shafi mai 8KB, wanda ya zarce sai rumbun ya ƙi karɓar cinikin ɗungurungum. Kuma muddin manhajarku tana rubuta SELECT *, wato a kawo duk ginshiƙai, aikin banza ka yi, sai ka takaita ta ga ginshiƙan da shafin ke nunawa.

Idan ka yi duk wannan, ka ga ƙwaƙwalwar sabar ta cika har fihirisar ba ta samun wurin zama, to lokacin ne za ka koma wa maigida da maganar kuɗi, da hujja a hannunka.

Tambaya: Daga Maraɗi nake, MySQL muke amfani da shi. Na gwada INCLUDE ya ƙi. Sai mun sauya rumbu?

Amsa: A’a ’yar’uwa, wannan bai kai a yi ƙaura ba. MySQL ba shi da INCLUDE, haka ma SQLite. Ki sa ƙarin ginshiƙin a ƙarshen makullai, wato (lambar_kwastoma, rana, kudi), EXPLAIN zai nuna miki Using index idan ya wadatar. A InnoDB, injin ajiya na MySQL, kowace fihirisa tana ɗauke da babban makullin teburin da kanta, ba sai kin ƙara shi ba. Ki kiyaye wuri ɗaya: idan fihirisar UNIQUE ce, ƙarin ginshiƙi zai sassauta dokar hana maimaici, don haka ki bar waccan yadda take ki gina wata daban.