Mun hana waya a ɗakin jinya, amma monita ba ta daina kuka ba

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Zariya. Tun shigowar hunturu layin bugun zuciya a monitocinmu yake kauri yana rawa, ƙararrawa na ta kukan ƙarya cikin dare. An ce wayoyin 'yan dubiya ne, muka hana shiga da su, ba abin da ya canja. Tsorona kada wata rana kukan ya zama na gaskiya mu yi banza da shi. Mene ne abin yi?

Amsar injiniyan kayan asibiti: Sista, tsoronki yana kan hanya, amma da alama an kama wanda ba shi ne ɓarawon ba.

Waya tana da nata laifin. A layin 2G takan yi watsi da ƙarfin da ya kai wat 2, sau 217 a daƙiƙa, wato "dit-dit-dit" ɗin da kike ji idan ta kusanci rediyo, kuma tana ƙara ƙarfi inda sabis ya yi rauni. Kashe mata ƙara bai hana ta wannan ba. Sai dai tasirinta na kusa ne, kuma zuwa yake ya wuce. A nisanta ta mita 1 daga monita da famfon ƙarin ruwa, magana ta ƙare. Oba-oban masu gadi, mai wat 4 zuwa 5, ya fi ta ɓarna, shi kam a bar shi a baranda. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya bar tazarar santimita 15, kada ya sa waya a aljihun gaba.

Layin da ke kauri dare da rana kuwa yawanci wutar bango ce. Bugun zuciya a kan fata bai wuce kimanin milibolt 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt, wutarmu kuwa bolt 230 ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: cire filogin monita ki bar ta a kan batir. Idan layi ya washe, laifin na soket ne ko wayar wutar da ke haɗa shi da ƙasa. Idan bai washe ba, dubi abin da kika manna a ƙirji. Hunturun Zariya na busar da fata, yana busar da man jikin mannen, musamman in an bar ledar a buɗe. Goge fatar, ki aske gashi in akwai, ki sa sabo, ki raba igiyoyin monita da ke jikin majiyyaci da igiyar wuta da cajar da aka soka a bakin gado.

Sai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, maganar nan ta wasu masu gyara cewa ƙafa ta uku ta filogi ado ce. Filogi ya ƙi shiga soket, sai a sa filaya a karya doguwar ƙafar, ko a jona na'urar miliyoyin naira a ekstenshan mai arha wanda in ka buɗe cikinsa waya biyu kacal za ka gani. Ta kama? Ta kama. Sai a ce aiki ya yi. Wannan ƙafar ita ce ke haɗa jikin na'ura da wayar nan mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda ke kwashe hayaniyar wuta da yoyonta ta kai ƙasa. In aka yanke ta, hayaniyar sai ta hau layin da kike karantawa, yoyon kuma ya nemi wata hanya, ta hannunki ko ta jikin majiyyaci. Ma'aunin duniya na kayan lantarkin asibiti, IEC 60601-1, bai yarda yoyon da ke bi ta abin da ke taɓa zuciya kai tsaye ya wuce mikro-amp 10 ba idan na'urar tana lafiya, abin da fatarki ba za ta ko ji ba. Wai kuma maganin da ake bayarwa shi ne a kunna filta, wato matatar hayaniya ta cikin monita, layi ya yi sumul, ko a rage ƙarar ƙararrawa. Wannan rufe tukunya ce tana tafasa, wata filtar ma takan sauya kamannin layin har likita ya karanta ba daidai ba.

Ko da ƙafar tana nan, ramin da aka binne sandar jan ƙarfen da wayar nan ke kai wuta gare ta yakan bushe ƙayau daga Nuwamba zuwa Afrilu, wuta ta kasa shiga ƙasa da kyau. Janareta da inbata ma kowanne na bukatar haɗi da ƙasa, don haka ki lura ko rawar tana ƙaruwa idan an ɗauke wuta an tada inji.

Ki rubuta lambar gado, da soket, da lokaci, da irin wutar da ake kai, na tsawon kwana 3, ki miƙa wa sashen gyara a rubuce. Ki nemi a auna ramin da na'urar awon lantarki, a gwada kowane soket, a rubuta sakamakon. Idan takardar ta kwanta a ofis ana jiran sa hannu, wannan soket ɗin a manna masa filasta, kada a sake jona majiyyaci a kansa.